Masara, Bitamin da Ciwon Damuwa

 A ƙasarmu ta Aliero, daga Kashin Zama har Jega da Maiyama, idan magidanci ko matar aure suka shiga yawan shiru, barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, abu biyu muke kawowa: iska ko sammu. Ban taɓa jin wanda ya fara da tambayar me mutumin ya yi wata uku yana ci ba. Tarihin wata cuta da ake kira felagra shi ya sa nake ganin tambayar ta cancanci a yi ta.

Masara baƙuwa ce a wurinmu, asalinta ƙasar Meziko. Mutanen can kafin su niƙa ta sai sun dafa tsabar da ruwan toka ko na farar ƙasa. Wannan dahuwa ita ke sakin sinadarin nayasin, wato bitamin B3, wanda ke ɗaure a cikin ƙwayar ta yadda hanji ba ya iya tsotsarsa. Turawa suka kwashi irin suka kai gida, dabarar kuwa suka baro ta a can.

A 1735 wani likita a arewacin Sifen, Gaspar Casal, ya lura da talakawan da masara ce cimarsu safe da dare. Fatar wuya da bayan hannu, duk inda rana ke bugu, ta yi ja ta dare. Sai gudawa. Sai kuma baƙin ciki marar dalili, wanda kan kai ga ruɗewar hankali. A 1771 Francesco Frapolli na Italiya ya raɗa mata suna felagra, ma'ana kaushin fata. Gidajen mahaukata na arewacin Italiya suka cika da manoma, masana kuma suka shafe fiye da shekara ɗari suna musu: wasu su ce guba ce a ruɓaɓɓiyar masara, wasu su ce gado ne, wasu su ce ƙwayar cuta ce.

Wanda ya warware zaren shi ne Joseph Goldberger, da gwamnatin Amurka ta tura kudancin ƙasar a 1914. Ya zaga gidajen marayu da na masu taɓin hankali, ya ga abin da kowa ke gani amma ba wanda ya tsaya a kai: majinyata na kamuwa, ma'aikatan da ke kwana cikinsu ba sa kamuwa. Wace irin annoba ce mai sanin albashi? Bambancin a akushi yake. Ma'aikata na samun madara da nama da ƙwai, majinyata sai fate-faten masara. Da ya sa aka ƙara wa marayu madara da ƙwai da wake, cutar ta ɓace. A 1915 ya ɗora fursunoni 11 na gonar gidan yarin Rankin da ke Misisifi a kan cimar talakawa, cikin wata biyar 6 suka kamu. Duk da haka manyan yankin suka ƙi yarda, domin yarda na nufin amsa cewa talauci ne ke haukata mutanensu. Goldberger ya rasu a 1929, sai a 1937 Conrad Elvehjem ya gano nayasin ne abin da ya ɓace. Tsakanin 1906 da 1940 cutar ta kama Amurkawa kimanin miliyan 3, ta kashe kusan 100,000.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne. A 1990, a sansanonin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi, gyaɗa ta yanke daga rabon abinci, aka bar mutane da garin masara. Fiye da mutum 18,000 suka kamu, kuma mata sun fi yawa. Gyaɗa fa, wadda muke yi wa kallon abin taɓa-ka-lashe!

Nan ne abin ya shafe mu. Masara ta samu gindin zama a tukunyarmu kusa da gero da dawa. Abin da ke kare mu shi ne abokan tafiyar tuwo: ƙuli-ƙuli, wake, daddawa, nonon da ake dama fura da shi, da kifin gulbin Zamfara da ake kawowa kasuwar Jega. Amma kowa ya san gidan da ake sayar da wake da gyaɗa tun da kaka saboda bashin taki, kafin tsakiyar damina ya rage sai gayan tuwo da miyar kuka tsurarta. Ya kuma san wadda ke cin ƙarshe a gidan, sau da yawa ga goyo a bayanta.

Ba nayasin kaɗai ba. Ƙarancin B12, wanda ake samu a nama da kifi da nono da ƙwai, kan zo da kasala, mantuwa, jin yam-yam a ƙafa da mutuwar zuciya. Tsofaffi sun fi faɗawa, da masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin.

Sai dai akwai inda nake rabuwa da masu tallan ƙwayoyi a mota da lasifika. Ana yawan samun masu ciwon damuwa da ƙarancin bitamin D a jini, shi ya sa aka yi zaton shan sa rigakafi ne. A 2020 Dokta Olivia Okereke da abokan aikinta a Boston suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 18,353 'yan shekara 50 zuwa sama. Rabi sun sha bitamin D kullum na fiye da shekara biyar, rabi sun sha ƙwayar da ba komai a ciki. Ba a ga bambanci ba. Wataƙila damuwar ce ke kulle mutum a ɗaki ta hana shi rana da abinci, ba ƙarancin ne ya kawo ta ba.

Saboda haka wanda ke da majinyaci irin wannan, in ya kai shi babban asibiti ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ya gaya wa likita abin da yake ci da magungunan da yake sha, musamman na tarin fuka, domin isoniazid na iya jawo felagra. Ya kuma duba masa wuya da bayan hannu tun kafin su fita daga gida.