Formula Rossa: Jirgin lilon Abu Dhabi mai gudun kilomita 240 cikin awa guda

Formula Rossa jirgin lilo ne da ke gudu a kan dogon ƙarfe a wurin shaƙatawa na Ferrari World, wanda ke tsibirin Yas a Abu Dhabi, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kamfanin Intamin ne ya ƙera shi, aka kuma buɗe shi ga jama'a a watan Nuwamban 2010. Tun daga ranar ya karɓe kambun jirgin lilo mafi sauri a duniya daga hannun Kingda Ka na jihar New Jersey a Amurka, mai gudun kilomita 206 cikin awa guda, kuma ya riƙe kambun fiye da shekara goma.

Jiragen lilo na da, sarƙa ce ke jan su a hankali zuwa ƙololuwar tudu, sannan a sake su su gangaro da nauyinsu. Shi kuwa Formula Rossa harba shi ake yi daga tsaye a kan miƙaƙƙen dogo, kuma cikin daƙiƙa 4.9 ya kai gudun kilomita 240 a awa. Ƙarfin yana fitowa ne daga wani ɗakin injuna. Famfuna na tura mai cikin manyan tukwanen ƙarfe masu ɗauke da iskar nitrojin, man ya matse iskar har ta tara ƙarfi mai yawa. Da zarar an buɗe hanya, sai iskar ta koro man da tsananin ƙarfi ta cikin injunan da ke juya wani babban gangan naɗi. Gangan ya naɗe igiyar ƙarfe, igiyar ta fizgi wani ƙugiya da ke maƙale a ƙarƙashin jirgin, a ƙarshen dogon harbin kuma ƙugiyar ta sake shi. Akan kwatanta wannan da yadda ake cilla jiragen yaƙi daga kan jirgin ruwan soja.

Daga nan jirgin ke haye tudu mai tsayin mita 52, inda birkin maganaɗisu ke rage masa gudu kafin ya shiga kwanoni. Tsawon dogon ya kai kimanin kilomita 2, an kuma kwaikwayi fasalinsa daga filin tseren motoci na Monza da ke Italiya, gidan da magoya bayan Ferrari ke ji da shi. Jirgin baya kifa mutum kai ƙasa ko sau ɗaya. Gudu ne kaɗai abin alfaharinsa, kuma tafiyar gaba ɗaya ba ta wuce minti ɗaya da rabi da 'yan daƙiƙu ba. Kowane jirgi na ɗaukar mutum 16.

Wajibi ne kowane fasinja ya sanya tabarau na kariya irin na masu dirowa da laima daga jirgin sama. A irin wannan gudun, ƙwayar rairayi ko ƙwaro ya isa ya raunata ido, ga shi kuma wurin a bakin hamada yake.

Sai dai wannan fasaha ta matsin mai tana da tsadar kulawa, domin igiyar na cin wuya a kowane harbi kuma dole a riƙa duba ta ana sauyawa. A 2009 igiyar Xcelerator, jirgin da Intamin ya fara gwada fasahar a kansa a 2002 a jihar Kalifoniya, ta tsinke ana cikin harbi ta jikkata fasinjoji. Shi ma Top Thrill Dragster na jihar Ohio an rufe shi a 2021 bayan wani ƙarfe ya ɓalle daga jikinsa ya yi wa wata mata da ke kan layi mummunan rauni, kuma da aka sake buɗe shi a 2024 an maye gurbin injin man da na maganaɗisu. Kingda Ka kuwa rushe shi aka yi a 2025.

Shi ya sa masu ƙera sababbin jirage suka fi karkata ga harbi da maganaɗisun lantarki, wanda babu igiya ko wani abu da ke gogar jirgin a cikinsa. Da shi Intamin ya ƙera Falcons Flight a Qiddiya, kusa da Riyadh a Saudiyya, wanda aka tsara wa gudun kilomita 250 cikin awa guda.