A-Kori-Kurar Gado a Karkarar Kano

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, har bayan zamanin da Alhassan Ɗantata da 'yan'uwansa attajirai suka tayar da dalar gyaɗa, jaki shi ne abin sufurin talaka a ƙasar da ke arewa da birni, inda gona ke manne da gona tun daga Ungogo da Dawakin Tofa har Bichi da Ɗambatta, ba a barin ko taki ɗaya na ƙasa ya huta. Da rani a ɗora masa itace ya shiga birni, ya komo da mangala cike da taki, kuma bisa wannan kai-da-kawo ne ƙasar ta ɗauki ɗimbin al'ummarta ƙarni bayan ƙarni ba ta gajiya ba.

Sa'an nan al'amura suka jujjuya cikin 'yan shekaru kaɗan. A 1972 aka mayar da tuƙi hannun dama, fari ya tsananta a 1973, a 1975 kuwa annoba ta faɗa wa gyaɗa ta karya kasuwarta. Amma a wannan shekara ɗin ce, da ikon Allah, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, alhali kuɗin man fetur ya yawaita a hannun jama'a. To, a lokacin nan ne magidanta masu ɗan hali, waɗansu tsofaffin dillalan gyaɗa, waɗansu fatake, suka mallaki a-kori-kura ƙirar 404, daga baya 504, suka sa mata katako ko ƙarfe a bodi, suka shiga jigilar gero da dawa da wake zuwa kasuwannin hatsi, daga baya har da ta Dawanau, da tumatir da albasa daga madatsun ruwan da aka soma ginawa zamanin Gwamna Audu Baƙo, da awaki ranar kasuwar Ɗambatta. Ita ce ke kai amarya da jerenta, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Masu motocin nan galibi sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, kuma a nan ne mas'alar ta zama ta malamai. Gona ana auna ta da igiya a fitar wa kowane magaji haƙƙinsa gwargwadon abin da ilimin fara'ili ya hukunta, namiji rabon mata biyu. Mota kuwa ba ta rabuwa. Hanya biyu ce: ko a sayar a raba kuɗin, ko a kira masana su yi mata ƙima, ɗaya daga cikin 'ya'ya ya riƙe ta ya biya sauran. Akwai kuma gidajen da, bayan gandu ya watse kowa ya kama gayaunarsa, suka yi ittifaƙi a bar motar a matsayin tarayya, babban wa na riƙe da makulli, ana fitar wa gwauraye da marayu rabonsu daga abin da ta samo. A ganina babu amanar da ta fi wannan nauyi a cikin tarikar mamaci, domin mai tuƙin shi kaɗai ya san abin da ya shiga aljihunsa.

Dalilin daɗewar motar kuwa ba ƙauna kaɗai ba ce. Tun da aka karya darajar naira a 1986 sabuwar mota ta gagari manomi, sai hikimar makanikai ta maye gurbin kuɗi. Injinta ba shi da wani sirri da ya ɓuya ga bakaniken gindin bishiya: ya kwance kafireta ya wanke da fetur a cikin tasa, ya busa da baki, ya goge filogi, ya toshe yoyon lagireto, ya kasa kunne ga ƙarar inji ya ce, “Alhaji, ringi ne.” Abin da ya gagara a je Ƙofar Ruwa, inda ake feɗe matattun motoci ana sayar da sassansu, a samo sifirin ko akwatin giya na wadda ta riga ta mutuwa. Mai walda ya yi wa bodin faci, a mulke ta da sabon fenti, amma da wuya ɗa ya yarda a shafe addu'ar da mahaifinsa ya sa aka rubuta a goshinta. Sai dai ya kira mai rubutu ya bi sawun tsofaffin haruffan.