Sahel Sounds: Kamfanin Faifan da Ya Tsiro Daga Memorin Waya

Ofishin Sahel Sounds yana birnin Portland ne a jihar Oregon ta Amurka, amma ba can aka tara jarinsa na farko ba. A cikin wayoyin matasan Kidal da Agadas da Abalak aka tara shi, kuma waƙar da ta fi ɗaga sunan kamfanin tun yana jariri a Sakkwato aka naɗe ta.

Christopher Kirkley, wanda ya kafa shi, ya iso Afirka ta Yamma a 2008 da 'yar na'urar ɗaukar sauti, yana neman makaɗan jita. Ya yi kusan shekara biyu yana zagaya Muritaniya da Mali da Nijar, a 2009 kuma ya buɗe shafi a intanet yana ɗora abin da ya naɗo. A Kidal ta arewacin Mali ne ya lura cewa abin da yake shan wahalar nema yana aljihun kowa. Matasa suna musayar waƙoƙi ta Bluetooth, daga wannan memori zuwa wancan, direbobi da fasinjoji suna tsallaka hamada da su. Waƙa takan yi tafiyar dubban kilomita ba tare da ta bi ta gidan rediyo ba. Amma a hanya sunan mai ita yakan ɓace, kuma ko sisi ba ya komawa gare shi.

Kirkley ya shiga musayar shi ma, ya tara waƙoƙi masu yawa, sannan ya ɗauki aikin da ya mai da shafin nasa kamfani, wato cigiyar masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya don a nemi izininsu a biya su. A 2011 faifan Music from Saharan Cellphones ya fito. Daga baya kamfanin ya tsaya kan ƙa'idar raba riba rabi da rabi tsakaninsa da makaɗi.

Waƙar da ta fi jan hankali a faifan ita ce Tahoultine, ta wani Ba'abzine daga yankin Tawa mai suna Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa, saboda haka da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Abzinawa a Nijar. A 2008 ya gangaro Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a irin situdiyon da ake haɗa waƙoƙin finafinan Hausa. Nan ne aka ɗora wa jitarsa gangar na'ura, aka bi da muryarsa ta manhajar gyaran murya wadda take sa ta karkarwa tana lanƙwasa. Duk wanda ya saba da waƙoƙin Kannywood na wancan lokaci ya san wannan amo tun daga nesa. Haɗuwar jitar hamada da salon situdiyon Hausa ita ta bambanta waƙar da dubban 'yan uwanta, har ta kai kunnen Kirkley.

Da suka haɗu, Kirkley ya kawo masa jitar lantarki irin ta bahagwai, domin Mdou bahago ne. Kundin Afelan ya fito a 2013, aka sake fitar da Anar a faifai a 2014. A 2015 suka fitar da fim ɗin da suka yi a Agadas, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, da harshen Abzinawa, wanda aka gina kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Kundin Ilana na 2019 ya buɗe wa Mdou manyan dandamali a Turai da Amurka, daga nan ya koma kamfanin Matador, inda ya fitar da Afrique Victime a 2021.

Kamfanin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. A 2013 ya waiwayi Kano ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa masu ɗanɗanon Indiya, har da muryar Fati Nijar a ciki. A shekarar dai ya farfaɗo da kaset ɗin Mamman Sani na 1978, makaɗin ogan na Yamai wanda 'yan Nijar suka daɗe suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawansu ba su san mai shi ba. A 2016 ya gabatar da Les Filles de Illighadad, ƙungiyar da Fatou Seidi Ghali take jagoranta daga wani ƙauye kusa da Abalak, mace mai kaɗa jita a fagen da maza suka mamaye. A 2018 kuma Etran de l'Aïr, 'yan uwan juna da suke kiɗan biki a Agadas tun 1995, suka samu faifansu na farko.

A 2020 kamfanin ya koma kan wayar da ta haife shi. Kowane wata wasu makaɗa sukan naɗi waƙoƙinsu da waya su turo ta WhatsApp, a sayar a intanet ƙarƙashin sunan Music from Saharan WhatsApp, kuɗin gaba ɗaya ya tafi wurinsu. Tsarin ya zo daidai da shekarar da annobar korona ta hana tafiye-tafiye da taron biki, waɗanda su ne abincin makaɗi.

Akwai abin dubawa a nan. Idan ƙaramin kamfani a Amurka ne yake zaɓar abin da duniya za ta ji daga Sahel, to kunnen mai zaɓen ne yake yanke hukunci, kuma kunnen Turawa ya fi karkata ga jita fiye da kalangu ko kukuma ko gurmi. Duk da haka, kowa ya yi da kyau zai ga da kyau. Sahel Sounds bai ƙirƙiri kiɗan ba, bai kuma ƙirƙiri hanyar yaɗa shi ba. Duka biyun ya tarar da su. Abin da ya ƙara uku ne: sunan mai waƙa, shekarar da aka yi ta, da rabonsa na kuɗi.

Waɗannan ukun su ne har yanzu suke ƙaranci a namu ɓangaren. Daga Makoɗa zuwa Ɗambatta a jihar Kano, rumfunan masu cajin waya da tura waƙoƙi cike suke da kiɗan biki da na noma da na 'yan dambe, da yawa babu sunan makaɗi, kuma ranar da memori ya ƙone shi ke nan. Tattara su da rubuta sunayen masu su da biyan su haƙƙinsu aiki ne da ɗan gari ya fi baƙo sanin hanyarsa, tun da shi ya san gidan makaɗin kuma yana jin abin da waƙar take faɗa.