Daren Lahadi a Newport

A gabashin ƙasar Amurka, bakin teku, akwai wani ɗan gari mai suna Newport, cikin jihar Rhode Island. Da can an fi saninsa da manyan gidajen da attajirai suka giggina don shan iska lokacin zafi. Cikin shekarar 1954 wani makaɗi mai suna George Wein ya fara shirya taron kiɗan jaz a garin. Da ya ga abin ya karɓu, sai cikin 1959 ya ƙara da taron waƙoƙin gargajiya. A wannan taro na biyu ne aka yi wani dare wanda, yau wajen shekara sittin ke nan, waɗanda suka halarce shi ba su daidaita a kan abin da ya faru ba.

Waƙoƙin gargajiya a wurinsu su ne na manoma, da masu haƙar kwal, da fursuna, da jikokin bayi, waɗanda ake gado daga baki zuwa baki. Tun 1933 wani masani, Alan Lomax, ya riƙa bin mahaifinsa ƙauyuka da gidajen yari da na'urar ɗaukar murya, suna tattara su. Babban jagoran masu rera su kuwa shi ne Pete Seeger, makaɗin banjo, watau wani irin molo wanda asalinsa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai shi can. Shi Seeger ya sha wuya saboda ra'ayinsa: cikin 1955 wani kwamitin majalisa ya tsare shi da tambaya a kan siyasarsa, ya ƙi amsawa, aka yi shekaru ba a yarda ya fito a manyan gidajen talabijin. A ganinsa waƙa dukiyar jama'a ce, aikin mawaƙi ya sa taro duka su kama amshi.

Daga 1963 mawaƙan da kansu suka shiga riƙon taron, suka kuwa yi wata doka mai ban sha'awa: kowane mawaƙi, sananne ko wanda ba a sani ba, dala 50 ne ladansa a rana. Da rarar kuɗin ake nemo tsofaffin makaɗa daga lunguna. A shekarar nan aka zo da John Hurt, wani tsoho baƙar fata daga Misisifi, wanda ya yi faifai tun 1928, sa'an nan ya koma gona aka manta da shi. 'Yan makaranta dubbai suka zauna a ciyawa suna sauraronsa tsit. Da rana akan rarrabu ƙungiya-ƙungiya, makaɗi na zaune kusa har a ga yadda yatsunsa ke tafiya bisa tsirkiya. Da dare wanda bai sami masauki ba ya kwana a rairayin bakin teku. A taron 1963 ɗin ne mawaƙa farare da baƙaƙe suka jeru bisa dandamali, suka riƙe hannun juna, suna rera waƙar neman 'yancin baƙar fata, saura wata guda a yi babban jerin gwanon Washinton. Waɗanda suka gani sukan ce ba su taɓa jin zama dangi ɗaya da baƙin ido kamar ran nan ba.

Cikin masu riƙe da hannun akwai wani saurayi ɗan shekara 22, Bob Dylan, mutumin Minnesota, wanda ya sauka Niyu Yok cikin 1961 da jita da 'yar jakarsa. Shi ke tsara waƙoƙinsa, a kan yaƙi da zalunci da wariyar launin fata, har dattawan suka ɗauke shi magajinsu. Amma yaron bai ɗauki wa kowa alkawari ba. Cikin Maris 1965 ya fitar da faifai wanda rabinsa da kayan kiɗa na lantarki aka yi shi, irin na kiɗan rok, ran 20 ga Yuli kuma ya fitar da "Like a Rolling Stone", saura kwana biyar ya hau dandamalin Newport.

Tun kafin ran nan an fara jin ƙaurin rigima. Lomax ya gabatar da wata ƙungiyar makaɗan lantarki daga Shikago, ta Paul Butterfield, da kalmomin da suka yi kama da reni. Albert Grossman, wakilin Dylan, ya tare shi, cacar baki ta zama kokawa, manya biyu suka yi ta birgima a ƙasa mutane na kallo. Dylan ya ɗebi waɗansu daga cikin makaɗan nan, ya haɗa da Al Kooper, suka kwana suna gwaji ran Asabar.

Ran Lahadi 25 ga Yuli da dare, gaban mutum kimanin 17,000, ya fito da rigar fata, rataye da jitar lantarki. Mike Bloomfield ya saki tasa jitar da ƙarar da ba a saba ji a filin nan ba. Waƙa uku kaɗai suka yi, wajen minti 15, suka sauka. Fili ya ruɗe, ga tafi ga ihu. Mai gabatarwa, Peter Yarrow, ya yi ta roƙo, Dylan ya komo shi kaɗai da jitar katako, ya tambaya ko wani na da hamonika, ɗan abin busar nan na baki, sai ga su ana jefowa bisa dandamali kamar ƙanƙara. Ya yi waƙa biyu ya tafi.

Iyakar abin da aka yarda da shi ke nan. Daga nan kowa da nasa. Waɗansu sun ce ihun na masu fushi ne, don suna ganin ya sayar da su ga 'yan kasuwar faifai. Kooper, wanda ke bisa dandamalin, ya dage cewa gajartar wasan ce ta ɓata wa mutane rai, gama sun yi doguwar tafiya, sun yi kwanaki suna jira, aka sallame su da waƙa uku. Waɗansu kuma sun ce lasifika ce ba a daidaita ba, kiɗa ya danne murya, abin da suke kira shi ne a gyara. Akwai ma waɗanda suka rantse ba su ji ihu ko ɗaya ba, tafi kawai suka ji. Ba lalle ne a ce wani ya yi ƙarya ba. Fili ne mai faɗi, cikin duhu, kunnen kowa kuwa abin da ke kusa da shi ya ɗauka, da abin da ya zo da shi a zuci. An ɗauki hoto da murya a daren, Murray Lerner ya yi fim da su, amma na'urar tana fuskantar mawaƙi ne, ba ta raba gardamar ba.

Labarin da ya fi bazuwa shi ne wai Seeger ya ɗauki gatari zai sare wayar lantarkin. Joe Boyd, wanda ke cikin masu kula da sauti, ya rubuta cewa dattawan sun aiko a rage ƙara, na wurin na'urar suka ƙi. Seeger kansa ya yi ta bayani har tsufansa cewa faɗa kawai ya yi, da yana da gatari da ya sare, ba kuwa don ƙin lantarki ba, sai don ba a jin kalmomin. Wannan bayani ya fi kama da halinsa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan a ji abin da waƙa ke faɗi. Duk da haka ya rasu cikin 2014 gatarin na biye da sunansa.

Ihun da babu shakka a kansa daga baya ya zo. Ran 17 ga Mayu 1966, a Mancesta ta Ingila, wani daga cikin taro ya ɗaga murya ya kira Dylan da sunan Yahuza, wanda Kirista ke cewa shi ya ci amanar Annabi Isa. Ko wannan ma sai da aka yi shekaru ana cewa a London aka yi, kuma mutum biyu suka fito daga baya kowa na cewa shi ne mai kiran. Fim ɗin da aka yi cikin 2024 a kan ƙuruciyar Dylan ya ɗauke kiran daga Mancesta ya kai shi Newport, saboda haka yaran da suka kalla sun sami ruwaya ta daban da ta kakanninsu.

Jitar da aka ce da ita ya yi wasan an sayar da ita a gwanjo cikin 2013 a kan dala 965,000. Shi kuwa bai sake taka dandamalin Newport ba sai 2002, bayan shekara 37. Ya fito da gashin aro da gemun aro, ya yi waƙoƙinsa, bai ce uffan ba game da daren.