Tarihin diragon furut: inda ya fito, da abin da ya kamata mu sani kafin mu sayi reshensa

A zamanmu na watan jiya an ɗauki lokaci ana muhawara a kan wannan ɗan itacen mai jan ɓawo da ake kira diragon furut. Wasu daga cikin 'yan uwanmu masu sayar da kayan marmari sun fara ganinsa a manyan kantunan Legas da tsada, wasu kuma an turo musu bidiyo a WhatsApp ana cewa wanda ya dasa ɗari ya rabu da talauci. Wani dattijonmu ya tashi ya ce shi shekara uku ke nan da ya saya a hannun wani mai talla a waya, itacen ya yi kyau, ya hau katanga, yana fure duk damina, amma ko ɗa ɗaya bai taɓa ba shi ba. Aka ɗora wa ofishin sakatare nauyin ya binciko. Da muka bi diddigi sai muka ga amsar matsalar dattijon nan tana cikin tarihin itacen, shi ya sa za mu faro daga can.

Da yawanmu mun ɗauka ɗan ƙasar Sin ne saboda sunansa da kuma kwalayen da yake zuwa a ciki. Asalinsa nahiyar Amurka ne: kudancin Meziko da ƙasashen tsakiya irin su Gwatamala, Nikaraguwa da Kosta Rika, har zuwa arewacin Amurka ta Kudu. Dangin murtsunguwa ne, amma mai hawa. A dajinsa yana laɓewa jikin bishiya ko dutse, yana fitar da ƙananan saiwoyi daga jikin reshensa yana kamawa da su. Wanda ya gan shi daga nesa zai ce ƙerana ce irin wadda ake shinge da ita a gida, sai dai ba su haɗa dangi ba, kuma shi ba shi da farin ruwan nan mai dafi. Mutanen can suna kiransa pitahaya ko pitaya, kuma sun daɗe suna cinsa kafin Turawa su iso. Wani marubucin Sifaniya mai suna Oviedo ya yi bayaninsa a littafinsa na tarihin waɗannan ƙasashe da ya fito a 1535.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, don kusan rabin abin da ke kan tiren ɗan'uwanmu a Mile 12 daga can ya fito. Gwanda, abarba, gwaiba, kashu, tumatir, barkono, rogo, masara, har da gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano bayan jirgin ƙasa ya isa, duk 'yan nahiyar Amurka ne. Sun zo ne tun ƙarnuka da suka wuce har muka manta baƙi ne muka raɗa musu suna. Shi diragon furut bai biyo wannan ayari ba. Gabas ya nufa, sai yanzu ya zagayo ya same mu, shi ya sa har yau ba shi da sunan Hausa.

Ya yi nisa a tafiyarsa ta gabas tun da wuri. A 1830, lokacin da wani masanin tsirrai na Ingila mai suna Haworth ya ba shi suna na ilimi, wanda ya duba ɗin daga ƙasar Sin aka kawo shi. A tsibiran Hawayi kuma akwai wata makaranta mai suna Punahou a birnin Honolulu wadda aka dasa mata shi a jikin katangar dutse tun wajen 1836, kuma har yau yana nan, mutane na zuwa kallon furensa da dare. Abin lura shi ne, a yawancin wuraren da ya je a wancan zamani don ado aka dasa shi. Furen nasa fari ne, babba, ya kai faɗin faranti, yana da ƙamshi, yana buɗewa bayan magariba, kafin hantsi ya yi yaushi. Dare ɗaya tak yake yi.

Ƙasar da ta mayar da shi sana'a ita ce Biyetnam. Faransawa ne suka kai shi a ƙarni na 19 lokacin da suke mulkin yankin. Mutanen ƙasar suka sa masa suna thanh long, wato koren diragon, wannan ƙaton maciji na tatsuniyoyinsu, saboda yadda rassansa ke miƙewa suna lanƙwasa da kuma ɓawon ɗan mai kama da saɓa. Ya daɗe a gidaje kafin a fara nomansa gadan-gadan don fitarwa waje a shekarun 1990. Yankin Binh Thuan, wanda ba ya samun ruwan sama sosai idan aka kwatanta da sauran ƙasar, shi ya zama cibiya, sai Long An da Tien Giang. Tsarin da ake gani a bidiyo yau, ginshiƙin siminti a tsakiya da rassa suna zubowa kamar lema, da su ya shahara. Su ne kuma suka ƙware wajen kunna ƙwan lantarki a gona da dare. Dalili shi ne itacen yana son doguwar rana kafin ya yi fure, to idan lokacin gajeruwar rana ya zo sai a ruɗe shi da haske ya yi fure ba a lokacinsa ba, a sayar da tsada. Wannan dabara dai, da irin wutar da muke samu a nan, sai mu ji ta da kunne kawai.

Akwai ɓangaren labarin Biyetnam da masu tallar reshe ba sa faɗa. Mafi yawan abin da suke fitarwa ƙasar Sin ake kai wa. A farkon 2020 da annobar korona ta sa aka toshe kan iyaka, motoci suka yi layi, kaya ya fara ruɓewa, farashi ya faɗi warwas. Har wani mai gidan burodi a birnin Ho Chi Minh ya riƙa saye yana kwaɓa shi cikin fulawa yana yin burodi mai ruwan hoda don a rage wa manoma asara. Haka aka sake yi a farkon 2022. Ita kuma ƙasar Sin tuni ta shiga nomansa da kanta a lardunan kudu irin su Guangxi da Hainan. Wanda ya taɓa ganin yadda kwandon tumatir ke faɗuwa idan motocin Arewa suka taru rana ɗaya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Indiya ma ta karɓe shi daga shekarun 1990. A watan Janairun 2021 gwamnatin jihar Gujarat ta sanar da canza masa suna zuwa kamalam, wato furen bado, wai sunan diragon yana tuna musu da ƙasar Sin. An yi ta barkwanci a kai a lokacin.

Mu da muke da gonaki a gida Arewa, labarin da ya fi shafarmu na Isra'ila ne. Tun shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion, ƙarƙashin Farfesa Yosef Mizrahi, suka gwada shi a hamadar Negev da tunanin tunda murtsunguwa ce zai jure. Ƙishi kam ya jure, don da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa, ba ya asarar ruwa da rana. Amma tsananin rana ta ƙona shi, rassan suka koma ɗorawa, sai da aka yi masa rumfar raga. Zafi mai yawa kuma yana hana shi fure. Ashe ɗan gindin bishiya ne tun asali. Saboda haka wanda ke shirin aika reshe Sakkwato ko Maiduguri ya tuna da watan Maris da Afrilu, ya tanadi inuwa kafin ya tanadi reshe. A nan ne kuma aka yi nazari sosai a kan abin da ya dami dattijonmu: wasu nau'o'in ba sa ɗaukar barbara daga furen kansu, dole sai an kawo garin fure daga wani nau'i daban.

A ƙasarsa ta asali jemagu da wasu manyan ƙwarin dare ne ke wannan aiki, suna tashi daga wannan itace zuwa wancan. Idan mutum ya sayi reshe goma kuma duk daga uwa ɗaya aka yanko su, to itace ɗaya gare shi a wuri goma. In nau'in mai son baƙon gari ne, zai yi ta fure yana zubarwa har mutum ya gaji. Da muka je gidan dattijon muka tarar haka abin yake: reshe ɗaya ya saya, shi ya riƙa yankawa yana ƙarawa.

To ga yadda tarihi ya raba nau'o'in. Na farko shi ne mai jan ɓawo da farin ciki, wanda Biyetnam ta yaɗa a duniya, har ake ce masa Vietnamese White. Shi ne mafi haƙuri, yana barbarar kansa, 'ya'yansa manya, yana jure tafiya. Aibinsa ɗanɗano: wasu za su ce lami ne, kamar kankanar da ba ta gama nuna ba. Na biyu shi ne mai jan ciki, wanda Nikaraguwa ta yi suna da shi, ana nomansa a ƙasar dutsen aman wuta ta yankin Masaya, da sunaye irin su Orejona, Lisa da Cebra. Ya fi ɗaukar ido, ya fi kuɗi a kasuwa, amma a cikin jajayen nan ne aka fi samun masu buƙatar baƙon gari. Wanda ya ci da yawa ya ga fitsarinsa ya yi ja kada ya firgita, launin ne kawai ke fita.

Na uku shi ne ɗorawa mai ƙaya a jikin ɗan, na Kolombiya da Ikwado, musamman garin Palora. Ya fi duka zaƙi, ba gardama. Sai dai ƙanana ne, ɗan yana ɗaukar kusan wata biyar ko shida daga fure zuwa nuna, alhali sauran wata ɗaya da 'yan kwanaki suke yi, kuma ya saba da ƙasa mai tudu da sanyi-sanyi. A ganinmu Jos ko Mambila za su fi dacewa da shi fiye da zafi da gumin Legas. A kula kuma, akwai wani mai ɓawo ɗorawa marar ƙaya wanda ɗan'uwan farin nan ne, ba wannan mai zaƙin ba. Mai talla zai iya nuna hoton wannan ya ba ka wancan.

Sai kuma na haɗe-haɗe. Wani mutumin Kalifoniya mai suna Paul Thomson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu noman baƙin 'ya'yan itatuwa ta jihar a 1968, ya shafe shekaru yana haɗa fari da ja a gonarsa. Daga aikinsa aka samu irin su Physical Graffiti da Sugar Dragon. Na ƙarshen nan 'ya'yansa ƙanana ne, amma yana barbarar kansa kuma ana ajiye shi don ya ba wasu gari. Akwai kuma American Beauty, ɗan asalin Gwatamala, mai ciki ruwan shunayya, wanda shi ma yana yi shi kaɗai. Matsalar ita ce a wajenmu suna ba ya da shaida. Reshe kore ne mai kusurwa uku, ba ya ɗauke da takarda. Shawararmu ita ce kada a sayi reshe sai an ga uwar da idanu tana ɗauke da 'ya'ya, an tambayi mai ita ko da hannu yake barbara, in da hali a yanka ɗaya a ɗanɗana.

Ga mai gidan haya irin yawancinmu, rabin duro ko babban bokitin fenti ya isa, a huda gindinsa sosai. Abin da ke kashe shi a Kudu ruwa ne. Ƙasar da ke riƙe ruwa a watan Yuni da Yuli tana ruɓar da gindinsa cikin 'yan kwanaki, don haka a haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki, a ɗora duron a kan bulo. Reshen ya zama wanda ya ƙosa, tsawon kamu ɗaya, a bar shi a inuwa kamar mako guda bakin yankan ya bushe, sannan a dasa shi sama-sama, kada a binne da zurfi, kada kuma a juya shi kai ƙasa. A kafa ginshiƙi mai ƙarfi da ya kai kafaɗar mutum, a ɗaura masa tsohuwar tayar mashin a kai. A riƙa cire 'yan tohon gefe har ya kai sama, sannan a bar rassa su zubo, don a kan masu zubowar yake fure. Katako mai laushi ba zai yi ba, itacen yana nauyi kuma yana iya kai wa shekara ashirin. Reshe yakan fara ba da 'ya'ya cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda ya shuka baƙaƙen ƙwayoyin cikin kuwa zai jira shekara biyar ko fiye, kuma ba lallai ya samu irin uwar ba. Dodon koɗi da tururuwa suna son tohonsa, a riƙa leƙawa.

Shi dattijonmu ba sai ya sare nasa ba. Wani ɗan'uwa da ke da farin nau'in a Agege ya yi alkawarin ba shi reshe biyu. Kafin su girma, duk daren da furen duka biyun ya buɗe tare, za a kaɗe garin farin a cikin kofi a kai masa, ya shafa a kan tsinken tsakiyar furensa da ƙaramin buroshi kafin gari ya waye. Idan ya kama, gindin furen zai ci gaba da zama kore ya fara kumbura cikin mako guda. In bai kama ba zai yi ɗorawa ya faɗi. Duk wanda ke da itacen da ya riga ya yi 'ya'ya a gidansa, ya sanar da ofishin sakatare launin cikinsa da unguwar da yake kafin zama na gaba, mu haɗa jerin waɗanda za a iya karɓar reshe a wajensu.