Yawon Buɗe Ido na Gidan Sarkin Santambul a Turai, 1867



Ya ɗan'uwa mai karatu, na daɗe ina son in yi rubutu game da wata tafiya da ba a cika ambatonta ba idan ana karantar da tarihin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, alhali a ganina tana bayyana halin da daular ta shiga a ƙarshen zamaninta. Ita ce tafiyar Sultan Abdul'aziz zuwa Turai a shekarar 1867. Kafin shi babu wani sarki daga zuriyar Usman da ya taka waɗannan ƙasashe face yana jagorantar runduna.

Dalili na zahiri shi ne gayyatar da Napoleon na Uku, sarkin Faransa, ya yi masa domin ya halarci babban baje kolin duniya a birnin Paris. Amma tun 1866 tawaye yake ci a tsibirin Kirit, kuma ministansa na harkokin waje, Fu'ad Pasha, yana son sarakunan Turai su ga Sultan a matsayin tsaransu. A ranar 21 ga Yuni suka bar Istanbul, wanda magabatanmu ke kira Santambul, cikin jirgin ruwa, suka sauka a Toulon, suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris.

Sultan ya tafi da ɗansa Yusuf Izzuddin, wanda bai cika shekara 10 ba, da kuma 'ya'yan yayansa marigayi Sultan Abdulmajid guda biyu: Murad mai shekara 26 da Abdulhamid mai 24. Bisa al'adar gidan, Murad ne magajin gado, Sultan kuwa ransa yana kan ɗan cikinsa. Don haka ba zumunci kaɗai ne ya sa aka tafi da samarin nan ba. Sarki mai hankali ba ya barin magajinsa a fada ya ƙetare teku.

A Paris an sauke su a fadar Elysee. Sun ga faffaɗan tituna masu fitilun gas, da injina iri-iri, da ƙatuwar igwa ta kamfanin Krupp na ƙasar Prussia. A cikin filin baje kolin akwai sashen daularsu, inda aka gina wurin wanka da gidan shaƙatawa da ɗan ƙaramin masallaci domin masu kallo. Nakan tsaya a nan duk lokacin da na karanta labarin: Halifa ya je kallon kayan mutane, sai ya tarar da masallacinsa cikin kayan kallo.

Daga nan suka ƙetara Landan, inda Sarauniya Victoria ta ba shi lambar girma, aka jera masa jiragen ruwan yaƙi. Suka dawo ta Beljiyam, suka gana da Sarki Wilhelm na Prussia a Koblenz, sannan suka shiga Vienna a matsayin baƙin Sarki Franz Joseph, birnin da rundunonin kakanninsu suka yi wa ƙawanya a 1529 da 1683 ba tare da sun ci shi ba. Ta kogin Danube suka gangara, suka ratsa Budapest, suka isa gida ranar 7 ga Agusta.

Baƙo yana ganin abin da mai masauki ya shirya masa ne. An nuna musu sakamakon arziki, ba a nuna musu masana'antu da haraji da lissafin da suka haife shi ba. Shi kansa Napoleon, shekara uku bayan haka, igwogin Prussia suka raba shi da mulki. Ba na cewa tafiyar ba ta da amfani: a 1868 aka buɗe makarantar Galatasaray bisa tsarin Faransa, a 1869 aka ƙulla yarjejeniyar shimfiɗa layin dogo zuwa Turai. Sai dai jiragen yaƙi da sababbin fadoji da Sultan ya ƙallafa rai a kansu, da bashi aka biya su, bashin da daular ta fara ci tun 1854. A 1875 gwamnati ta sanar cewa ba za ta iya biya cikakke ba. A ƙarshen Mayun 1876 aka tuɓe Abdul'aziz, bayan 'yan kwanaki aka same shi ya rasu, kuma har yau ana saɓani ko kashe shi aka yi.

Murad, wanda ya iya Faransanci ya kuma burge masu masaukin, kwana 93 ya yi a kan gado aka sauke shi saboda taɓin hankali. Abdulhamid, wanda ba a damu da shi ba a tafiyar, shi ya yi shekara 33 yana mulki. Ba na wanke shi daga tsanani, domin ya rufe majalisa a 1878 ya kuma cika gari da 'yan leƙen asiri, kuma a zamaninsa ne, a 1881, masu bin bashi suka karɓe harajin gishiri da taba. Amma da ya tashi shimfiɗa layin dogo daga Dimashƙ zuwa Madina a 1900, bai nemi rancen bankunan Turai ba; ya ɗauki injiniya Bajamushe, ya nemi gudummawar Musulmi, jirgi ya isa Madina a 1908.

Yaron nan kuwa, Yusuf Izzuddin, ya rasu a 1916 yana magajin gado, bai hau ba.