Tarihin Taga a Gidajen Birnin Kano, Musamman Wajen Dukawuya

Wanda ya shiga birni ta Ƙofar Dukawuya, ya nufi tsofaffin unguwanni a ƙasa, zai ga tagogi suna ƙanƙancewa gwargwadon nisan da ya yi. A bakin ƙofa akwai gidajen siminti masu faffaɗan gilashi, can ciki kuwa sai soraye masu 'yar kafa kusa da rufi. Dalili shi ne yawancin filin da ke cikin ganuwa ta wannan sashe na yamma gonaki ne a da, ba a cika shi da gidaje ba sai a ƙarni na 20. Saboda haka tafiyar nan tamkar komawa baya ce cikin tarihin gini.

Bari mu fara da sunan. Kalmar taga daga Larabci take, amma ba ta hanyar littafi ta zo mana ba. Kalmomin da malamai suka ɗauko daga littattafai suna da alama: harafin ɗa yakan zauna ɗ, kamar a ɗalibi da ɗabi'a, ƙaf kuma yakan zauna ƙ, kamar a alƙali da alƙalami. Da taga ta biyo wannan hanya, da ɗaƙa muke cewa. To, mayar da ƙaf ya zama g kuwa al'adar bakin Larabawan Sahara da na Tarabulus ce. A ganina wannan shaida ce mai ƙarfi cewa a bakin fatake kalmar ta iso, irin mutanen Gadamus da suka zauna cikin birni suna ciniki a Kasuwar Kurmi.

Taga ta farko aikin magini ce, ba ta kafinta ba. In ana ɗora tubali sai a bar 'yar kafa sama da tsayin mutum, a gitta guntun azara a kanta don ta ɗauki nauyi, shi ke nan. Sau da yawa ba marfi, balle sakata. In hunturu ya matsa a toshe ta da tsumma. Wannan ne ya sa Hausa ta wadata da sunayen sassan soro, su zanko da indararo da bakan gizo da daurin guga, amma aka bar taga da suna ɗaya tak. Abin da ba shi da sassa, me za a raɗa wa suna?

Baƙi sun sha kukan duhun ɗakunan nan. Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya koka da duhun masaukinsa. Amma fa magina sun san abin da suke yi. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da mutane suka riga suka fita tsakar gida shan iska. Iska mai zafi kuwa sama take tashi, sai ta sami kafar nan ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙofa. Ga kuma sutura, don mai wucewa a lungu ba ya hango matan gida. Haske da aikin yini duk a tsakar gida ake samunsu, ɗaki wurin kwana ne da ajiya.

Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka shiga ta Kabuga, maƙwabciyar Dukawuya. Amma abin da ya sake fasalin taga shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911, ya buɗe hanyar kawo kwano da siminti da katako da gilashi. Kowane kaya ya zo da sunansa a goshi: firam, gilashi, bulo, daga baya alminiyum, har ita kanta taga ta sami kishiya, watau windo. Marfi da sakata da labule kaɗai aka aro daga ƙyaure da bakin ƙofa.

Bangon bulo siriri ne, rufin kwano kuma yakan yi zafi nan da nan, sai ya zama dole a faɗaɗa taga don a sami iska. Gilashi kuwa yana barin hasken rana ya shiga, ya hana zafin fita, musamman in taga tana duban yamma a watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano kan kai awo 40. Daga nan aka koma neman fanka da na'urar sanyaya ɗaki, da sandunan ƙarfe saboda ɓarayi, da raga saboda sauro.

Yanzu masana gini suna maganar gilashi mai ruɓi biyu, wanda iskar da ke tsakaninsa take tare zafi, da auna yawan zafin da ke ratsa taga, ana ta neman yadda za a faɗi waɗannan da Hausa. Ni dai ina ganin a fara da abin da ke bakin mutane. Bakano yakan ce ɗaki yana riƙe zafi, ko bango ya sha rana, ko soro yana da sanyi. Daga riƙe da sha da tare ana iya gina riƙon zafi, da shan rana, da tarin zafi ko tare zafi, waɗanda magini a Dukawuya zai gane ba sai an yi masa fassara ba.